Kafin Ku Buga Rigunan Ƙungiya

Wata Laraba bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida ina sauraron rediyo, sai ga samari uku da budurwa ɗaya daga cikin yaran unguwarmu sun yi sallama. Da aka gaisa, babbansu ya durƙusa ya miƙo mini takardu, ya ce, "Baba, ƙungiyar ci gaban unguwa muka kafa, muna so ka zama ubanta." Na sa tabarau na duba. Tsarin mulki ne shafi tara, an buga shi da kwamfuta tsaf. Ga shugaba da mataimakansa biyu, ga sakatare da nasa mataimakin, ga ma'aji, ga sakataren kuɗi, ga mai binciken kuɗi, ga jami'an hulɗa da jama'a har biyu, ga wani muƙami da har yau ban gane aikinsa ba. Sun zana tambari, har sun je sun tambayo kuɗin buga riguna.

Na ce, "Madalla. Wane aiki za ku fara?" Suka ce ci gaban unguwa. Na ce, "Na ji. Wanne a ciki? A wane layi? Wace rana?" Suka dubi juna. Na ƙara tambaya: "A cikinku wa ya taɓa jan mutum goma suka fara wani abu, suka gama, aka rabu lafiya?" Yarinyar ce kaɗai ta ɗaga hannu, tana jin kunya. Ta ce ita ke riƙe da adashin ƙawayenta shekara biyu ke nan, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Na sake duba takardar. Ita aka ba mataimakiyar jami'in walwala.

Ban kore su ba, ban kuma yi musu dariya ba. Yaron da ya ga kwatar unguwarsu ta toshe abin ya dame shi ya fi dubun masu tsallake ta suna tsaki. Na dai ce su jingine maganar riguna, su dawo bayan mako guda. Abin da na gaya musu da suka dawo shi nake so ku ji, ku 'ya'yana na Rikoto da Rafin Zuru da Dabai da Senchi, da na Mahuta da Ribah da Dirin Daji, domin na san irin wannan takarda tana aljihun da yawa daga cikinku.

Ni ma na yi irin taku, kuma tawa ta fi muni. Lokacin da aka ciro Jihar Kebbi daga Sakkwato a watan Agustan 1991, zumuɗi ya cika mu, kowa na ganin ci gaba ya iso ƙofar gida. Muka kafa ƙungiya don mu sa kwalbati a wani kwazazzabo da ke raba layinmu biyu duk damina. Aka ba ni shugabanci, ba don komai ba sai don na fi kowa iya tsara jawabi. Asabar ta farko mutum sama da hamsin suka fito. Shebur huɗu muke da shi, da baro ɗaya mai facin taya. Ban gaya wa kowa abin da zai yi ba, domin ni ma ban sani ba. Kafin hantsi rabin jama'a suna gindin mangwaro suna hira, dattawan da suka zo sa albarka sun gaji da tsayuwa sun koma gida. Asabar ta biyu ba mu kai ashirin ba. Ɗan lambatun da muka haƙa, da yake ba wanda ya duba gangaren ƙasa, ruwan farko ya bi ta cikinsa ya faɗa gidan wata tsohuwa ya jiƙa mata rumbu. Kuɗin karo-karo kuma suna aljihun wani abokina, babu littafi. Ba ɓarawo ba ne, na rantse da wannan har gobe. Ya sayi siminti, ya sayi abincin ma'aikata, ya biya mai mota, amma ranar da aka ce ya kawo lissafi sai ya kasa haɗa kan kuɗin. Aka kira shi sunan da bai cancanta ba a gaban jama'a. Gidaje biyu suka yi shekaru ba sa gaisawa, bututun kwalbatin kuwa suna nan yashe har ciyawa ta rufe su.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan mutane, ina cewa ba su da kishi. Sai da furfura ta fara fito mini na yarda cewa mutane sun ba mu ƙarfinsu da kuɗinsu da safiyarsu, mu ne ba mu iya riƙewa ba. Jan jama'a zuwa aikin gayya sana'a ce, kamar ƙira, kamar gini. Ba a miƙa wa yaro masaba yau a kira shi sarkin maƙera gobe. Sai ya yi zuga, ya ƙona yatsa, ya ɓata ƙarfe. Amma a harkar unguwa mun ɗauka da an yi zaɓe an tafa, ilimin zai sauko wa mutum daga sama.

Abin haushin shi ne makarantar wannan sana'a tana bayan gidanmu, mu muka raina ta. Duk ɗan ƙasar Zuru ya san golmo, ko da fatauci ne ya kawo kakansa. A al'adar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, saurayi yakan yi wa surukansa noma shekara 7 kafin a ba shi mata. Ba shi kaɗai yake yi ba, cikin ƙungiya yake, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan, har ya kammala a yaye shi a bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona. Masu ba da labarin golmo sukan tsaya a kan wahalarsa, rana da ƙishirwa da kantar hannu. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi shi ya nuna mini wani gefen. Ya ce a shekararsa ta farko ba abin da ya sani sai bin kunyar wanda ke gabansa. A hankali ya fara gane wa ke gajiya da wuri, wa ke ƙaryar ciwon ciki, wa ake sawa kusa da wa don kada a yi faɗa, yaushe ake cewa a huta kafin mutane su huta da kansu, da irin lafazin da ake yi wa suruki mai wuyar sha'ani. Kafin ya zama babba a cikinsu, babu gurbin da bai tsaya a ciki ba. Sannan ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai: kowace shekara wasu na fita, wasu na shiga, don haka ƙungiyar ba ta taɓa mutuwa don mutum ɗaya ya tafi ba.

Ba cewa nake a koma golmo ba. Boko da addini sun sauya yadda ake aure, kuma akwai wahalar da ba na yi wa jikana fatanta. Tsarin nake so ku ɗauka: a fara daga baya, a koya cikin aiki, na gaba ya ja na baya, a kuma san ranar sauka tun ranar hawa.

Ana yawan cewa juriyar golmo ce ta sa Turawan mulkin mallaka suka ƙwallafa rai a kan samarin ƙasar Zuru wajen ɗaukar soja. Ko ma mene ne dalili, sakamakon a fili yake. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya riƙe rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya daga 1996 zuwa 1999. Marigayi Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya zama Sarkin Zuru. Marigayi Manjo Janar Tanko Ayuba ya mulki Kaduna, daga baya ya je majalisar dattawa. Babu ɗayansu da aka liƙa wa taurari ranar da ya shiga. An horar da su mataki bayan mataki. Amma ni ba janar-janar nake so ku nema ba. Da wuya ka sami unguwa a Zuru da babu tsohon saje ko samanja da ya yi ritaya, yana zaune a kan benci ba mai tambayarsa komai sai labarin yaƙi. Mutumin nan ya san yadda ake kasa mutum talatin gida biyar, a ba kowane kashi babba. Ya san a ƙirga kayan aiki kafin a fita, a sake ƙirgawa kafin a watse. Ku je ku zauna a gabansa da takarda. Sai dai ku tace abin da zai ba ku, domin unguwa ba bariki ba ce. Shi yana da gadirum, ku ba ku da shi. Wanda ya ƙi fitowa aikin gayya ba abin da za ku yi masa sai lallashi, kuma wannan darasin a wajen uwar adashi ake samunsa, da shugabar zumuntar mata a coci, da kwamandan 'yan agaji a masallaci, mutanen da suke jan jama'a shekara da shekaru ba da bulala ba, ba da albashi ba.

Kada ku zaci mu kaɗai muka taɓa karo da wannan. A 1970 gwamnatin Koriya ta Kudu ƙarƙashin Park Chung-hee ta ƙaddamar da shirin Saemaul, ma'ana sabon ƙauye. Ta raba wa ƙauyuka sama da 33,000 siminti, kowanne buhu 335, ta ce su yi aikin da zai amfani kowa. Siminti iri ɗaya, adadi ɗaya, amma kusan rabi ne kawai suka yi abin kirki da shi. Waɗannan aka ƙara wa buhu 500 da rodi tan ɗaya a shekara ta gaba. Da aka duba me ya raba ƙauyen da ya yi da wanda bai yi ba, aka ga mafi yawa jagora ne. Shi ya sa a 1972 suka buɗe cibiya ta musamman don horar da jagororin ƙauye, kuma aka tsara kowane ƙauye ya sami jagora namiji da jagora mace. Babban ɓangaren karatun shi ne manomin da ya yi nasara a ƙauyensu ya miƙe ya gaya wa 'yan uwansa yadda ya yi. Gwamnatin ta kama-karya ce, akwai tilas a cikin shirin, ba na sha'awar wannan. Amma maganar simintin gaskiya ce, kuma na gan ta da idona a layinmu.

Misalin da ya fi kama da halinmu yana Karachi ta Pakistan, a wata makekiyar unguwar talakawa mai suna Orangi, inda ƙazantar ruwa ke kwance a lunguna. A 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a can. Bai tara unguwar duka a ƙungiya ɗaya ba. Layi ya ɗauka, mai gida ashirin zuwa arba'in, inda kowa ya san kowa. Mutanen layi su zaɓi nasu jagoran, su tara kuɗinsu, su haƙa magudanarsu. Abin da shi da mutanensa ke bayarwa shi ne awo, da taswira, da ƙiyasin kuɗi, da aron kayan aiki, da koyarwa. Sun horar da samarin unguwar su iya awon ƙasa da zana taswira da kansu. Layi ya ga na maƙwabta ya bushe, shi ma ya nemi a zo a auna masa, har aikin ya game dubban layuka da kuɗi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da na 'yan kwangila.

To, ga abin da na sa yaran nan huɗu su yi, ku ma shi nake ba ku. Layi ɗaya, aiki ɗaya, wanda za a iya gamawa cikin Asabar uku. Ba gina asibiti ba, ba kawo taransifoma ba. Yashe kwata, kwashe juji, gyaran famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a lalace, cike ramin da ke kayar da masu babur. Ƙaramin aiki shi ne ajin farko, domin in kun yi kuskure a ciki asarar kaɗan ce, in kuma kun gama kun sayi abin da kuɗi ba sa saye, wato mutane su ce yaran nan in sun ce za su yi suna yi.

Kafin ku kira taro, ku taka layin da ƙafa, kuma ku taka shi ana tsakar ruwa. Garinmu yana tsakanin duwatsu, ruwa na gangaro mana da ƙarfi, ba ya kuma bin hanyar da kuka zana masa a takarda. Ku ga inda yake taruwa, inda yake cin ƙasa, gidan wa yake shiga. Ku ƙirga gidaje. Ku shiga ku tambaya, musamman mata, su ke ɗebo ruwa, su ke zubar da shi, su ke jinyar yaro in zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuna tafe kuna rubuta wa ya iya me. Za ku sha mamaki: birkila, kafinta, mai walda, malamar asibiti, duk a layi ɗaya. Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, a wurin tsohuwar kwalejin aikin gona. Ɗalibin da ya koyi awon gangare da hana zaizayar ƙasa yana iya kasancewa yana haya a ɗakin da ke kallon naku. Da mun sami irinsa a 1991, da rumbun tsohuwar nan bai jiƙe ba.

Mai unguwa kuma da ƙafa ake zuwa masa, tare da wani babba, kafin a fara, ba wasiƙa ake aika masa bayan an gama shiri ba. Haka liman, haka fasto. A ƙasar nan kuna sane gida ɗaya yakan haɗa Musulmi da Kirista, wa na zuwa masallaci ƙane na zuwa coci, kaka kuma tana kan al'ada. Wannan arziki ne, amma jagoran da bai iya ba yana iya ɓarar da shi cikin minti biyar. Ku yi taro a filin firamare ko gindin bishiya, inda ba wanda zai ji shi baƙo ne. In wannan ya buɗe da addu'a, wancan ya rufe. Ku kauce wa Juma'a da Lahadi. In akwai tsofaffin da Hausa ba ta zauna musu ba, a sami mai maimaita musu da C'lela ko harshen da suka fi ji. A taron kuwa, jagora ya rage magana. Ni a zamanina nakan cinye rabin lokaci da jawabi, in tashi ina jin daɗi, ban san mutane sun tafi da nasu ra'ayin a ciki ba. Ku tambaya, ku yi shiru, ku nemi wanda bai ce komai ba ku ce, "Kawu, kai me ka gani?" Kada a tashi sai an san wa zai kawo me, a wace rana, an kuma karanta sunayen kowa ya ji.

Ranar aiki ba ta da wuya in an yi aikin daren jajibiri: kayan aiki sun kwana a wuri ɗaya an ƙirga, an kafa turaku an raba layin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da mutum biyar ko shida da babbansu, an san mai kawo ruwan sha. A fara da sassafe, a tashi tun mutane na da sauran ƙarfi. Wanda ya koma gida a galabaice ba za ku gan shi mako mai zuwa ba.

Maganar kuɗi zan ɗan daɗe a kanta, domin a nan kabarin yawancin ƙungiyoyinmu yake. Mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutawa daban, kuma kada biyu su fito daga gida ɗaya. Ba don ana zargin kowa ba. Don a kare mutumin kirki ne daga irin abin da ya sami abokina. Ko naira ɗari ce ta shigo a rubuta, ko ƙusa aka saya a karɓo rasit, in mai kaya ba ya da rasit a rubuta a gaban shaida. Kowane taro a fara da karanta lissafi da babbar murya, tun ba a tambaya ba, a kuma liƙa kwafi a bangon da kowa ke wucewa. Ranar da jama'a suka fara tambayar ina kuɗinmu kafin ku faɗa, kun makara. Kada ku yanka wa kowa kuɗi ɗaya. Gwauruwa mai marayu ba daidai take da mai shago ba. Wani ya ba da kuɗi, wani ya ba da ƙarfi, wata ta dafa kunu, a rubuta duka a littafi ɗaya da daraja ɗaya. Sai ɗan siyasa. Zai zo, musamman in aikin ya fara kyau kuma zaɓe ya matso. Ba na ce ku kore shi ba, ɗan unguwa ne shi ma. In zai taimaka ya kawo siminti ko tifar yashi, da rana, a sanar a taro, a rubuta kamar na kowa. Amma kuɗi a ambulan da dare, da huluna masu hotonsa, ku ce masa an gode. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar da aka ce ƙungiyarku ta jam'iyya kaza ce, rabin layi sun ajiye shebur.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin lissafin kowa. Rashin tsaro a ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba ya koro iyalai da yawa zuwa cikin gari. Ba mu manta da 'yan sa-kai sama da 60 da aka yi wa kwanton ɓauna a yankin Sakaba a watan Maris na 2022 ba, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira suna raɓe a ɗakunan haya da kangaye a layukanku, suna sha daga famfon da kuke sha. In kuna ƙirga gidaje ku ƙirga da su, in kuna kiran taro ku kira su da suna. Manoma ne, sun fi ku sanin gayya, wasunsu ma su ke jan ta a garuruwansu.

Za ku ce, ina za mu sami horo na takarda? Yana nan, sai dai an ɓata masa suna. Taron bita a wajen mutane da yawa ya zama zuwa cin shinkafa da karɓar alawus, a dawo da satifiket a saka a ƙasan akwati. Duk da haka akwai ilimi a wurin ga mai nema. Kebbi na cikin jihohi shida na farko da aka fara shirin rage talauci ta hannun al'umma da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 2000, wanda daga 2009 ya rikiɗe ya zama shirin CSDP. A tsarinsa a wancan lokacin al'umma ke zaɓar aikin da take so, ta kawo kashi 10 cikin 100, ta zaɓi kwamitin da za a koya wa riƙon kuɗi da sayen kaya da sa ido a kan aiki. Waɗanda suka zauna a irin waɗannan kwamitoci suna raye a garuruwanmu, ku neme su. Akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibitin sha-ka-tafi, akwai kwamitin kula da makarantar firamare, kuma sau da yawa kujerar matasa a cikinsu wofi take. Ku shiga, ko da ɗaukar bayanin taro za a ba ku. Doka ɗaya na sa wa yaran unguwarmu: duk wanda aka tura taron bita da sunan layi, kafin mako ya zagayo zai tara sauran ya koya musu abin da ya jiyo. In bai yi ba, ba a sake tura shi.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa aikin gayya ya sauke wa hukuma nauyinta. Ko a Orangi an raba: na cikin layi na mutane ne, babbar magudana ta hukuma ce. Hanya irin ta Dabai zuwa Mahuta zuwa Koko ba aikin shebur ba ce. Sai dai akwai bambanci tsakanin matasan da suka je sakatariya da ihu, da waɗanda suka je wa kansila da takarda ɗaya: ga tsawon lambatun da muka yashe, ga gidajen da ke amfana, ga abin da muka kashe, ga hoto, saura kwalbati ɗaya da ya fi ƙarfinmu. Na biyun ma ana iya yi musu alkawarin da ba a cikawa, kada in yi muku ƙarya. Amma korarsu tana da wuya, kuma in sun koma karo na uku da kwafin wasiƙar farko a hannu, ana fara jin nauyinsu.

Saura abin da dattijon golmo ya koya mini, wanda kuma ya fi wa mai jini a jika ɗaci. Ku ba mazauna ba ne. Baɗi wannan ya sami makaranta a Sakkwato ko Aliero, wancan ya tafi bautar ƙasa, wancan an ɗauke shi soja kamar kakansa, wannan ta yi aure a Kontagora. Ƙungiyar da komai nata ke kan mutum ɗaya, ranar da ya hau mota a tasha ta mutu. Don haka tun Asabar ta farko kowane mai riƙe da wani abu ya sami yaro a gefensa. Mai littafi da nasa, mai kiran taro da nasa, mai raba aiki da nasa. Asabar ta biyu yaron ya yi kana kallo. Zai yi kuskure, zai yi abin a hankali, hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka karɓe. Danne zuciyarka, ka gyara masa bayan an watse, ba a gaban mutane ba. Za ka kuma ji wani abu na cizonka ranar da aka yaba masa ba a ambace ka ba. Na san wannan cizon, ya hana ni sakin shugabancin ƙungiyar da ta riga ta mutu har shekara uku.

Yaran nan huɗu sun zaɓi kwatar da ta bi ta bayan shagon mai niƙa. Ba su buga riguna ba, da kuɗin suka sayi shebur biyu da manjagara. Yarinyar adashi ce ke riƙe da littafi, da wata ƙanwar ƙawarta a gefenta. Tsohon samanjan layinmu ya raba musu aiki Asabar ta farko, ta biyu ya zauna a kan bencinsa yana kallon babban nasu yana rabawa, yana ta gyaran murya amma bai sa baki ba. Asabar ta uku na fito da kujerata wajen ƙarfe goma, na tarar an kusa tashi. Wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka ba ƙirgar kaya ya tsaya a gaban tulin shebur, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya ɗaga murya ya ce kada kowa ya tafi, tara aka fito da su da safe, takwas yake gani.